Shida, Shida, Sifili

Biyar da kwata a garin Jihlava,
dusar ƙanƙara ta cinye matakalar ɗakin karatu.
Tsoho Bohumír ya shigo yana kaɗe hula,
ya zaro faifai daga aljihun ƙirji, naɗe a hankici.
An rubuta a bayansa da shuɗin alƙalami:
Květuše, majami'a, dubu biyu da uku.

Ya ce, "Na'urar gidana ta mutu tun bara.
Muryar matata na ciki. Waƙa ta huɗu."

Na danna, tire ya zaro harshe,
ya haɗiye faifan, ya yi gurnani, ya yi tsit.
Allo ya ce: babu izini.
Kalma biyu, ko sannu babu.

Na buɗe baƙin allo, na tambayi ƙofar: ta wa ce ke?
Ta ce ta tushe ce,
lambar goshinta shida, shida, sifili.
Mai gida ya karanta ya rubuta,
'yan rukuni su ma haka,
baƙo ya tsaya waje riƙe da takalminsa.
Asusun masu ziyara kuwa baƙo ne.

Na sa shi a rukunin faifai, na fita, na sake shiga,
kamar mai maimaita sallama a gidan kurma.
Babu izini.

Zuciya ta ce, buga bakwai sau uku,
ɓalle ƙyauren, kowa ya shiga.
Na san ƙarshen wannan:
gobe da an kunna, an koma gidan jiya.

Bohumír ya jingina da bututun ɗumama ɗaki,
ya ce, "Kada ki damu, 'yata, na iya jira.
Shekara takwas na nemi takardar zuwa Vienna ganin ƙanena,
lokacin da iyaka ke sanye da waya mai ƙaya.
Ran da ta fito, harafi ɗaya na sunana ya ɓata,
aka ce in koma bayan layi."

Harafi ɗaya.
Na sake duban ƙofar da idon mai tsintar allura.
Ashe rukunin da ke manne a jikinta ba na faifai ba ne,
wani ne can, na ma'ajiyar Vratislav,
wanda ya riƙe na'urorin nan kafin ni,
ya bar mana tsagaggen kofi ya koma Brno.
Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo,
amma mai ɗakin ya tafi da saninsa.

Dokokin jere suke da lamba,
ta ƙarshe ce mai yanke magana.
Na wuce hamsin, na wuce sittin,
a casa'in da tara na ci karo da layinsa.
Alamar daidai, in biyu ce tambaya ce: kai ne wane?
In ɗaya ce hukunci ne: kai ne wane.
Ɗaya ya buga, wataƙila da yunwa, wataƙila daf da tashi,
sai dokar ta daina tambaya,
duk ƙofar ajiya da ta gani ta ce tata ce.

Na ƙara mata 'yar'uwarta.
Na ce a sake karanta dokoki, a sake buga ƙofofi.
Faifan ya juya, ya ɗauki gudu.

Mata wajen ashirin suka cika ɗakin,
da tarin wani a kujerar baya, da ƙarar benci.
Ni dai murya ɗaya nake ji, mai faɗi kamar kogi.
Shi ya ɗaga yatsa, ido a rufe:
"Ga ta nan. Mai shigowa a makare.
Kullum sai ta makara."

Ƙararrawar dandali ta buga shida, lokacin rufewa.
Makulli na aljihuna, yana sukar cinyata.
Na bar shi ya yi ta suka,
na mayar da waƙar farko.